Tarihin 'Yar Wuƙar Masunci da Maharbi

Littattafan tarihi cike su ke da labarin takobi da mashi, domin da su ne sarakuna suka ci ƙasashe. Amma akwai wata 'yar wuƙa wadda maroƙa ba su yi mata kirari a fada, ba a kuwa rataya ta ran hawan salla, ga shi kuwa ta daɗe tana ciyad da mutanen ƙasar nan. Ita ce wadda masunci ya ke gyaran kifi da ita a bakin gulbi, maharbi kuma ya ke yanka zabon daji da fakara. Ruwanta, watau ƙarfen da ke yin yanka, bai cika kaiwa taƙi guda ba. Siririya ce, mai tsini, ga ƙota ta ice daidai riƙon hannu. Siffarta ba ta sake ƙwarai ba tun zamani mai nisa, amma abin da a ke ƙera ta da shi ya sake sau da dama, kowace sakewa kuwa ta kan zo wa waɗansu da samu, waɗansu da rashi.

Abin da ya sa ta zama tilas

Cikin abincin da Allah ya hore wa ɗan Adam, da wuya a sami mai saurin ɓaci kamar kifi. In an fid da shi daga ruwa da hantsi a lokacin bazara, aka bar shi da kayan cikinsa, kafin magariba ya soma ɗoyi. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama sun fi yawa a hanji da kuma jan naman nan na ƙarƙashin kumatu wanda kifi ya ke numfashi da shi. Da rai ya fita sai su bazu cikin tsoka, zafin rana kuwa yana daɗa gaggauta su. Saboda haka masuncin da ya kama kifi cike da jirgi bai sami kome ba tukuna, sai an farke cikin kifin an wanke.

To, wannan aiki ba na babbar wuƙa ba ne. In aka sa barho ko adda, sai ta zarce ta huda hanji, ko ta fasa matsarmama, ɗaci ya bi tsoka ya ɓata ta. Gwanin gyara ya kan sa tsinin 'yar wuƙa ta wajen mafitar kashi, kaifi yana duban sama, ya ja ta zuwa wajen kai, sa'an nan ya sa yatsa ya kwaso kayan ciki gaba ɗaya. Kowane kifi kuma da irin nasa gyara. Karfasa sai an kankare ɓamɓarokinta. Tarwaɗa ba ta da ɓamɓaroki, amma ga santsi, wanda ƙotar wuƙarsa ke da sulɓi ya kan yanke hannunsa. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku masu ƙarfi, ɗaya a baya, biyu a gefe, waɗanda ya kan kafe su in ya ji hannu. Sai an kawad da su kafin a taɓa cikinsa. Giwan ruwa ne kaɗai da manyan 'yan'uwansa a ke nemo wa babbar wuƙa wajen datsawa.

Wajen maharbi kuma al'amarin ya haɗa da addini. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu cikin shekara ta 996, da shi ne almajiran ƙasar Hausa su ke koyon hukuncin yanka da farauta bisa mazhabar Maliki. Hukuncin kifi mai sauƙi ne, ba ya bukatar yanka. Tsuntsun daji kuwa, in maharbi ya harbe shi ya iske shi da sauran rai, harbin bai sami makasa ba, to, lalle ya yanka shi, ya ambaci sunan Allah, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu na wuya. In tsuntsu ya faɗa tarko ya mutu a ciki kafin mai tarkon ya zo, ya zama mushe. Shari'a ta kuma yi horo a wasa wuƙa kafin yanka don kada a wahalad da dabba. Shi ya sa maharbin ƙwarai ba ya fita daji sai wuƙarsa na ɗaure inda hannu zai kai gare ta nan da nan, gama jinkirin laluben jaka ya isa ya mai da wahalar yini guda banza. Bayan yanka, da ita zai farke ciki in an fige, ya tsaga ƙundu ya zubad da tsakuwar ciki, ya kuma tono ƙwayar harsashi in da bindiga ya yi harbin.

Kafin a san ƙarfe

Su da farauta sun girmi ƙira nesa ba kusa ba. Cikin shekara ta 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani ice a ƙarƙashin ƙasa. Da masana na Jami'ar Maiduguri da na Jamus suka tono shi cikin 1994, sai aka ga jirgin ruwa ne, tsawonsa mita 8 da ɗan ɗori. Da aka auna shekarunsa aka tarar ya yi wajen shekara 8,000. Yana cikin jirage mafiya daɗewa da aka taɓa samu a duniya. Waɗanda suka sassaƙa shi ba su san ƙarfe ba, da dutse suka yi aikinsu.

A Daima kuma, wani tudu da ke kudu da Tafkin Chadi kusa da iyakar Kamaru, wani masani mai suna Graham Connah ya yi tono cikin 1965 da 1966. A can ƙasan tudun ya sami masun kifi na ƙashi masu kunnuwa, da gatura na dutse, da ƙasusuwan kifi. Abin mamaki, ƙasar nan ta laka ce, babu dutse cikinta. Duk ɗan dutsen da aka samu daga nesa aka ɗauko shi. Mai karatu ya dubi wahalar mutumin da ke zaune a bakin ruwa mai kifi maƙil, amma abin da zai yanka kifin da shi sai an yi tafiyar kwanaki. Irin waɗannan mutane da ɓallin dutse mai kaifi da ƙashi su kan yi gyara, kaifin dutse kuwa ko da ya ke yana da yanka, ba ya jimrewa, yana gamuwa da ƙashi sai ya ɓantale.

Zamanin tama

Ƙarfe ya daɗe a ƙasar nan fiye da yadda mutanen da suka zata. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono kufan murafun narka tama fiye da goma cikin shekarun 1960, aka kuwa auna aka ga sun yi wajen shekara 2,500. Na mutanen nan ne da a ke kira mutanen Nok, masu gumakan yumɓu. A gindin Dutsen Dala na Kano an sami alamar narka tama ta wajen ƙarni na 7, tun kafin a gina ganuwa. Labarin baka kuma ya ce Abagayawa, maƙera, daga Gaya kakansu ya zo neman tama, ya same ta a nan ya zauna.

Aikin tama aiki ne mai wuya. Da kaka ta wuce sai masu tama su shiga daji su haƙo dutsen, su farfasa shi, su ƙona gawayi mai yawa, galibi na ƙirya domin ƙarfin wutarsa. Su gina murhu mai tsawo da yumɓu, su jera bututai na yumɓu a gindinsa don iska, su riƙa zuba gawayi da tama bi da bi, su kunna wuta. In wuta ta gama cinta sai a fasa gindin murhu a jawo curin ƙarfe, cakuɗe da kashin tama. Wannan curi a ke kai wa maƙeran baƙi, watau masu aikin baƙin ƙarfe, waɗanda suka bambanta da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Maƙeri ya sa shi wuta, yaro na bisa zugazugi, ya kama da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, a yi ta dukansa da masaba har dauɗar ta fita.

Akwai wani sirri cikin wannan aiki wanda maƙera suka gane da hannu tun kafin masana su bayyana dalilinsa. Sa'ad da ƙarfe ya ke cikin murhu, wani ɗan kaso na gawayi ya kan shiga jikinsa. Inda ya shiga kaɗan ƙarfen ya kan yi taushi, ya yi daɗin lanƙwasawa, amma ba ya riƙe kaifi. Inda ya shiga daidai ya kan yi tauri, in an gasa shi ya yi ja aka tsoma cikin ruwa sai ya daɗa ƙarfi. Curi guda yana iya ƙunsar iri biyun. Gwanin maƙeri shi ne mai gane wane yanki ya dace da fartanya, wane ya dace da aska da wuƙa. Da ya ke 'yar wuƙa ba ta cin ƙarfe da yawa, ko talaka yana iya mallakarta, kuma sau da yawa daga guntun da ya ragu a wani aiki a ke fid da ita.

Wuƙa guda ta kan bi ta hannun masu sana'a uku kafin ta kai ga mai ita. Mai tama ya narka, maƙeri ya ƙera ya sa ƙota, baduku ya ɗinka mata kube na fata. Masunci kuwa ba wuƙa kaɗai ta haɗa shi da maƙeri ba, har da ƙugiya da zago, kamar yadda maharbi ke zuwa gare shi neman kan kibiya. A ƙauyuka da dama ba kuɗi a ke biya ba. Maƙeri ya kan sami dami da kaka daga manomi, ya sami kifi ko nama daga wanda ya yi wa aiki.

Ƙarfen Turai ma ya soma shigowa tun a wannan zamani, amma ta hamada, bisa raƙuma. Sa'ad da Heinrich Barth, Baturen nan ɗan Jamus da aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa a kasuwa ana sayad da ruwan takubba na birnin Solingen ta Jamus, da asake na ƙasar Ostiriya, da allurai. Sai dai kayan da raƙumi ya ɗauko daga Tarabulus ba su kai ga mutumin bakin gulbi. Wuƙar masunci ta zauna a hannun maƙerin garinsu.

Masuntan Kabi da cinikin banda

In ana zancen su a ƙasar Hausa, Kabi ce kan gaba. Tun zamanin Kanta, wanda ya ɓalle daga mulkin Songhai a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, ƙarfin Kabawa yana jingine da gulbi da fadama. Daga nan ne Sarkawa, masunta masu jin Hausa, suka bazu suka bi Kwara, waɗansu suka gangara Yawuri, waɗansu suka haura ƙasar Nijar. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa, aka rufe tsohuwar gaba da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Wannan ne asalin bikin nan na Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya cikin 2016. Mai kallo ya kan ga dubban mutane sun faɗa ruwa da homa da gora, ya ga an ɗora giwan ruwa bisa ma'auni, ya tafi gida. Aikin da ke biyo baya, na farkewa da datsawa da wankewa, ba shi da ɗan kallo, kuma a wurare da yawa mata ne ke ɗauke da mafi yawansa.

Abin da ya mai da kifi dukiyar fatauci shi ne banda. A kan kankare babban kifi, a fid da kayan ciki, a datsa shi gunduwa-gunduwa, a shanya kaɗan, kana a yi masa wuta da hayaƙi har ya bushe. Ƙananan tarwaɗa kuwa a kan naɗe su, wutsiya ta sadu da kai, a soke da tsinke. Girman gunduwa yana da muhimmanci ƙwarai. In ta cika kauri, baya ya bushe ciki na ɗanye, ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta cinye buhu tun bai kai kasuwa ba. In ta cika sirantaka sai ta farfashe a hanya, ta zama gari, kuɗinta ya faɗi. Ribar falke a Anacha ko Ikko tana rataye ga hannun wadda ta riƙe wuƙa a bakin ruwa.

Cikin 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da tarun roba ya shigo aka kuma sami hanyar mota, masunta Hausawa suka yi ta ƙaura zuwa can, Baga ta zama babbar kasuwar banda. Haka kuma da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa, sabon tafki ya jawo masunta daga wurare dabam-dabam, kasuwar Yelwan Yawuri ta bunƙasa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 Tafkin Chadi ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da ba. Rikicin Boko Haram kuma, musamman harin da aka kai Baga cikin watan Janairu 2015, ya tsai da cinikin shekaru da dama.

Jirgin ƙasa ya kashe murhu

Babbar sakewa ta zo ne da hanyar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano cikin 1911, ya kai Ƙaurar Namoda cikin 1929, ya kai Nguru cikin 1930. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku ba ya komowa wofi. Kantunan Turawa irin su John Holt da U.A.C. suka cika da sandunan ƙarfe da adduna da wuƙaƙe na Ingila da Jamus. Bayan wannan ga tsofaffin ƙarafa na dogo da na mota, waɗanda a ke samu da araha.

Maƙera ba su yi jinkirin gane amfanin abin ba. Sifirin mota da tsohon magagari ƙarfe ne mai tauri bai ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, ba sai an yi yini ana fid da dauɗa ba, wuƙar da aka yi da shi kuwa ta fi ta tama riƙe kaifi. Maƙeri ya sami sauƙi, masunci ya sami wuƙa mai kyau a kuɗi kaɗan. Wanda ya yi asara shi ne mai tama. Ba wanda zai sayi curin da aka sha wahalar wata guda a kansa alhali ga ƙarfe zube a kasuwa. Murafu suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har kafin tsakiyar ƙarni na 20 da ƙyar a ke samun mai narka tama a ƙasar Hausa. A ƙasar Adar, wajen Tawa ta Nijar, sa'ad da wata masaniya 'yar Faransa, Nicole Echard, ta so ta ɗauki hoton aikin cikin shekarun 1960, tsofaffin da suka san shi aka nema suka sake kunna murhu. Sana'ar da ta yi fiye da shekara dubu biyu a wannan yanki ta ƙare cikin tsawon ran mutum guda. Abin da ya rage shi ne tsibin kashin tama da manomi ke tuntuɓe da shi a gona.

Ƙarfe marar tsatsa

Wuƙar baƙin ƙarfe tana da aibi guda wanda masunci ya fi kowa saninsa, watau tsatsa. In ta kwana da ruwan kifi a jikinta, da safe sai a gan ta ja. Cikin 1913 wani mutumin Sheffield ta Ingila, Harry Brearley, yana neman ƙarfen da zai jimre wa zafi a bakin bindiga, sai ya haɗa ƙarfe da wani ma'adini da a ke kira kuromiyam, ya tarar haɗin ba ya tsatsa. Maƙeran wuƙa na garinsu suka karɓa, daga nan abin ya game duniya. Yau kasuwannin ƙasar nan cike su ke da fararen wuƙaƙe masu ƙotar roba, galibi daga ƙasar Sin, masu araha, masu kyaun gani.

Duk da haka ba su kori wuƙar maƙeri ba. Masu araha cikinsu ƙarfensu na da taushi, suna saurin dakushewa, in kuwa ƙota ta tsage sai a yar. Ta maƙeri kuwa in an goga ta bisa dutse sau kaɗan ta komo da kaifinta, in ƙota ta fita a mayar, ana wasa ta shekara da shekaru har ta zama kamar tsinke. Saboda haka mai gyaran tarwaɗar tafkin gida, da mai datsa kifin ƙanƙara da a ke kawowa daga teku, har yanzu da yawansu wurin maƙeri su ke zuwa.

Wuƙar maharbi ce aikinta ya ragu. Daji ya zama gona, bindiga ta yawaita, zabon daji da dinya da tuji suka yi ƙaranci a wuraren da da a ke ganinsu garke-garke. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji cikin 1963, aka hana harbin waɗansu, aka sa wa waɗansu lasin. A fadamun Haɗeja da Nguru an keɓe wurare irin su Dagona, inda agwagin ruwa da ke zuwa daga Turai da sanyi su ke sauka ba mai taɓa su. Maharbin nan na da, mai ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana tafiyar tsuntsu har ya kusaci abin harbi, yanzu an fi ganinsa a wajen biki.

Wanda ke da irin wuƙar nan ta gado a gidansa, ko da ta side ta zama siririya, kada ya raina ta. Ya tambayi tsofaffi wane maƙeri ya ƙera ta, da wane ƙarfe, ya rubuta amsar ya ajiye tun da sauran masu iya ba da ita, gama waɗanda suka ga murhun tama da idonsu sun kusa ƙarewa. Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Allah ya sa albarka ga masu sana'a, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.